Mabiyiyar Hinewai

Biron Nikora Paenga ya ƙi rubutu, sai da dattijon da ke gefensa ya miƙo masa nasa. Jirgi ya fara yin ƙasa, kunnuwa suna toshewa, kowa ya duƙufa yana cike 'yar takardar nan da ake rabawa kafin a sauka Brisbane ta Ostireliya.

"Riƙe shi ma gaba ɗaya," in ji dattijon. Sunansa Des, tun kafin jirgi ya bar Auckland ta Niyu Zilan ya faɗa, kuma tun daga lokacin bakinsa bai huta ba. Kamun kifi ya je na kwana goma, rana ta gasa masa hanci ya yi jawur kamar tumatir. Ya kaɗa takardar a iska. "Ka ga wannan? Ɓarnar tawada ce kawai. Awa uku a sama, harshe ɗaya, sarki ɗaya, tutar ma sai ka tsaya ƙirga taurari kafin ka gane ta wace ce. To me ya rage? A haɗe Ostireliya da Niyu Zilan kawai, kowa ya huta."

Nikora ya yi murmushi. Ƙato ne, kafaɗunsa sun cika kujerar tsakiya har sun shiga na maƙwabta, amma in zai yi magana sai ka matso da kunne.

"Baffana ya ce ba da shi ba, Baba."

"Dalilinsa?"

"Ya ce in babban kifi ya ce wa ƙarami zo mu zama ɗaya, ƙaramin ya san a cikin wa za a zauna."

Des ya tuntsire da dariya har matar da ke gabansu ta waiwayo. "Baffan nan naka tumaki yake kiwo, ko? Ai ku can kowane mutum ɗaya tumaki biyar ke binsa."

"Shanu ne."

"To ka gaya masa, in aka haɗa 'yan zari-rugarku da aljihunmu, duniya kaf babu mai ja da mu. Ku zo da ƙwanji, mu mu ba ku rana ku sha, ku daina rawar ɗari."

"Ni ai ba a can nake ba, Baba. Ɗan Logan ne ni, nan kusa da Brisbane. Tun ina shekara uku."

"Ka ji ko!" Des ya buga masa gwiwa. "Magana ta ƙare. Kai ne hujjata."

Wannan tafiya ita ce fitarsa ta farko daga Ostireliya tun da mahaifiyarsa ta shigo da shi a kafaɗa shekara talatin da biyu da suka wuce. Mako shida ke nan da haihuwar 'yarsa Hinewai. Ranar da ta zo duniya Baffa Eruera, ƙanen mahaifinsa, ya bugo waya daga garinsu Kaikohe, can Niyu Zilan. Bai tambayi nauyinta ba, bai tambayi wanda ta ɗebo ba. Cewa ya yi, "Ina mabiyiyar? Kada ku bari asibiti su ƙona ta. A nan aka binne taka, a nan aka binne ta ubanka da ta kakanka. Ka kawo ta gida."

Jodi, matar Nikora, Baturiyar Ipswich ta Ostireliya ce, ba ta taɓa jin irin wannan ba. Amma ta roƙi ungozoma aka ba ta a roba mai murfi, ta ajiye a firiza tsakanin wake da naman gashi. Kullum ta buɗe sai ta yi tsiya. "Niko, ka zo ka ɗauke 'yar'uwar Hinewai daga nan. Wata rana ƙanena zai shigo da yunwa a yi abin kunya."

Fasfo ne kawai ba shi da shi. Ya nemi na ƙasar haihuwarsa, cikin mako biyu ya iso, baƙi mai zanen ganye a gefe. Shekara biyu Jodi tana binsa ya cike takardun zama ɗan Ostireliya, tun da aka sauƙaƙa wa irinsu hanya, shi kuwa amsarsa ɗaya ce. "Wace takarda kuma? A nan na yi makaranta, a nan nake biyan haraji, in jihohi za su buga wasa har fenti nake shafa wa fuskata. Tsallaka lambatu ne fa kawai." Haka mutanen ɓangarorin biyu suke kiran tekun da ke tsakaninsu, lambatu.

Ya ɗauki mabiyiyar a 'yar kula cike da ƙanƙara, ya tsallaka. A bayan gidan kakanninsa, kan wani ɗan tudu da ke kallon makiyaya, Baffa Eruera ya haƙa rami da hannunsa, ya yi addu'a da harshen kakanni wanda Nikora yake tsintar kalma ɗaya cikin goma, sannan suka dasa ƙaramar bishiyar totara a kai. Kwana uku 'yan'uwa suna cika shi da nama da dankalin da aka gasa a cikin ƙasa, suna kwaikwayon yadda yake magana ta hanci. "Ɗan Ostireliya, sake faɗin kifi mu ji!" Da zai tafi Baffa ya danƙa masa wani koren dutse mai santsi a jikin igiya. "Na jaririyar ne. Ba a saya wa kai irin wannan, ba ka ake yi. Ka rataya shi a wuyanka har ka isa, ya ɗauki ɗumin jikinka."

Dutsen yana nan a ƙirjinsa ƙarƙashin riga lokacin da ya iso tambayar da ke ƙasan takardar. In kai ba ɗan ƙasa ba ne, an taɓa yanke maka hukunci kan wani laifi? Des ya tsallake ta da wulƙawar biro. Nikora ya ɗan tsaya. Yana shekara goma sha tara, a ƙofar wata mashaya, ya karya wa wani muƙamuƙi a kan maganar da yau ko tuna ta ba ya iya yi. Ya yi zamansa na gidan yari ya fito. Tun daga ranar bai sake ɗaga wa kowa hannu ba, giya ma ya bari. Jodi ta sani, surukansa sun sani, mai gidansa a wurin aiki ya sani. Abin da kowa ya sani ai ba abin ɓoyewa ba ne. Ya yi alama a kan "e", ya saka biron a aljihu.

Suna sauka wayarsa ta yi ƙara. Saƙon Jodi ne: "Mun iso. Tana barci. Na ajiye mota a wurin masu tsada, ka ɗaga ƙafa."

A wurin ƙofofin gilashi masu buɗe kansu, Des ya ɗora fasfonsa, ya kalli kyamara, ƙofa ta rabu. Ya waiwayo yana ɗaga hula. "Sai ranar haɗewa, abokina! Ka gai da mai shanu!" Nikora ya ɗaga masa hannu. Tasa ƙofar ba ta motsa ba. Na'urar ta yi masa tambaya irin ta takardar, ya ba ta amsa irin ta takardar, sai ta nuna masa kibiya zuwa wani tebur. Mutumin teburin ya duba takardar, ya duba allon gabansa, ya sake duba takardar.

"Bismillah ta nan, Malam Paenga. 'Yan tambayoyi ne." Bai ce bismillah ba, amma hannun da ya nuna ƙofar gefe da shi haka yake nufi, cikin ladabi.

Ɗaki ne mai kujeru shida da aka ɗaure da ƙasa, da randar ruwan sanyi, da agogon bango. Nikora ya zauna ya ɗora kular da babu komai a cikinta kan cinyarsa. Ya rubuta wa Jodi, "Layi ne, ina zuwa." Bai damu ba tukuna. Ya ɗauka a kan kular ne, ko ƙasar da ta maƙale a takalminsa, don ya san yadda suke da tsanani a kan ƙasa da tsirrai. Har ya ɗaga ƙafa ya duba tafin takalmin.

Sai da dogon hannun agogo ya kusa zagayowa sannan wata mata ta shigo da fayil. Za ta yi shekara hamsin, gajera, gashinta a ɗaure tam a ƙeya. A ƙirjinta an rubuta Kereama. Ta ja kujera ta zauna tana fuskantarsa, ba a bayan tebur ba.

"Malam Paenga, kana son ruwa?"

"A'a, ranki ya daɗe. Iyalina suna waje, jaririya gare mu."

"Na sani." Ta buɗe fayil ɗin. "Shekara goma sha shida da suka wuce alƙali ya yanke maka wata goma sha huɗu."

"Bakwai na yi. Suka sake ni saboda halin kirki."

"Abin da aka yanke ake dubawa, ba abin da ka zauna ba."

"To." Ya gyaɗa kai, yana jira ta kai ga inda za ta ce ya sa hannu ya tafi.

Ta rufe fayil ɗin ta ɗora hannuwanta a kai. "Bari in yi maka bayani a hankali, don na ga ba ka sani ba. Duk ɗan Niyu Zilan da yake zaune a ƙasar nan, da izini yake zaune. Ba a buga shi a fasfo, ba a ba ka takarda a hannu, shi ya sa mutane suke mantawa akwai shi. Ranar da ka fita, izinin ya mutu. Ranar da ka dawo, sabo ake bayarwa, a nan bakin ƙofa. Kuma ba a ba wanda aka taɓa yanke wa shekara ɗaya ko fiye."

Nikora ya kalle ta. Kalmomin duk ya ji su, amma sun ƙi haɗuwa su zama magana.

"Ban gane ba."

"Ba zan iya barinka ka shiga ba."

"Shiga ina?"

"Ostireliya."

Dariya ce ta fara zuwa masa, 'yar gajeriya, ta hanci. Ya waiga ko akwai wani a ɗakin da ake yi wa maganar. "Ranki ya daɗe, ni ba shiga zan yi ba. Komawa zan yi. Gidana yana Logan, minti arba'in daga nan. Ga makullin ma." Ya laluba aljihu ya fito da shi, da ɗan roban da Jodi ta maƙala masa mai siffar kada. "Ranar Alhamis na fita. Yau Litinin."

"Na gani."

"Shekara talatin da biyu ina nan, babu wanda ya taɓa ce min uffan."

"Saboda ba ka fita ba."

"Wato da ban je ba…"

"Da yanzu kana gida."

Aikin Nikora ɗaura ƙarafunan da magina suke takawa ne a jikin dogayen gine-gine. Sau ɗaya a rayuwarsa, a hawa na tara, ya taka katakon da wani ya manta bai ɗaure ba. Bai faɗi ba, igiya ta riƙe shi, amma bai manta yadda cikinsa ya rigaye shi tafiya ƙasa ba. Abin da ya ji ke nan yanzu, yana zaune a kujerar da aka ɗaure da ƙasa. Ya riƙe hannun kular gam.

"Wancan sabon ɓangaren," ya ce, yana nuna bango da haɓa, muryarsa kamar ta wani, "inda ake ɗaukar jakunkuna. Mu muka ɗaura ƙarafunansa. Wata biyar ina zuwa nan kullum da asuba. Har katin shiga suka ba ni mai hotona."

Ta dubi bangon da ya nuna, shi kuwa ya ci gaba.

"Mahaifiyata tana maƙabartar Beenleigh. Wa zai riƙa kai mata fure?"

"Akwai jirgin ƙarfe biyu da zai koma Auckland," ta ce a hankali. "An sama maka kujera. Daga can kana iya neman a duba lamarinka, akwai lauyoyin da suka san hanyar. Yana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba."

A yadda ta furta Auckland ne ya ji. Irin bakin 'yan'uwansa ne da suka kwana uku suna yi masa dariya. Ya sake duba sunan da ke ƙirjinta.

"Yaya," ya ce, "ke ma ai 'yar can ce."

Ta ɗan sunkuyar da kai. "A Kawakawa aka haife ni."

"Kawakawa! Jiya-jiya muka bi ta nan da Baffa, muka tsaya sayen burodi. Rabin awa ne daga gidanmu." Ya matso gaban kujera, ya haɗa tafukansa. "Yaya, don girman Allah. Ki dube ni. Sati shida gare ta. Ko fuskata ba ta gama ganewa ba."

"Bara na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa," ta ce. "Shekara ashirin da shida ina cewa wace takarda kuma, kamar kowa." Ta shafa gefen fayil ɗin da babban yatsa. "Ina da ƙane a Perth, nan Ostireliya, shi ma ya taɓa yin irin kuskurenka yana yaro. Da babarmu ta rasu a can gida ni na hana shi zuwa jana'iza. A waya ya kalli yadda aka saka ta. Har yau ba ya yi min magana." Ta miƙe. "Da ka zo wurina ranar Laraba da na gaya maka. Yau ba ni da abin da zan gaya maka sai ƙarfe biyu. Kira matarka. Zan tsaya a nan."

Ya danna kiran da ake ganin juna. Fuskar Jodi ta cika allon, gashinta a hargitse, a bayanta mutane riƙe da furanni da balan-balan.

"Kai malam, sun kama ka da zuma, ko? Sai da na ce kada ka karɓi komai a hannun Baffa. Kuɗin ajiye motar nan kai za ka…" Ta tsaya. "Niko? Me ya samu fuskarka?"

Ya gaya mata. Bai iya jera shi yadda matar ta jera ba, ya fara daga tsakiya, ya koma farko, ya ce izini ya mutu, ya ce ƙarfe biyu. Jodi tana kallonsa baki buɗe.

"Wane irin ba za ka shigo ba? Kana ina yanzu?"

"Ina ciki."

"To ai ka shigo ke nan!"

"Ba a nan ake ƙirgawa ba, wai sai an wuce ƙofar."

"Ba ni ita. Niko, ba ni matar nan."

Ya miƙa wayar. Kereama ta karɓa ta riƙe ta daidai fuskarta, ba ta kauce ba.

"Baiwar Allah, mijina ne," in ji Jodi, muryarta tana hawa. "Ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. Shi yake koyar da yaran unguwarmu wasa ranar Asabar. Ko gizo-gizo ya gani a banɗaki a kofi yake fitar da shi waje. Abin da ya yi yana yaro ya yi zamansa, a nan, a kurkukunku, ba a can ba! In ya lalace ai a nan ya lalace, in ya gyaru a nan ya gyaru. Me can ta sani a kansa?"

"Ban musa ko ɗaya ba, Uwargida Paenga."

"To ba cewa ake babu iyaka tsakaninmu ba? Ƙawata ta tafi can Wellington da jaka ɗaya ta kama aiki a sati!"

"Haka ne. Ke ma 'yar ƙasar nan ce, jaririyar ma haka. Da zarar an yi mata fasfo kuna iya tafiya can ku zauna, ki yi aiki, har iya ranki."

"Wato ƙofar a buɗe take."

"A buɗe take."

"Amma ban da shi."

Kereama ta mayar wa Nikora wayar.

Jodi ta juya baya ga mutane, ta jingina da wani ginshiƙi. "Sau nawa na gaya maka?" ta ce, hawaye suna bin hancinta. "Sau nawa na ajiye maka takardun nan a kan teburin cin abinci? Ka ɗora kofi a kai, Niko. Har yanzu shaidar kofin tana jiki."

"Na sani."

"Saboda wani guntun nama! Da mun binne shi a bayan gida ƙarƙashin lemun tsami, wa zai…" Ta toshe bakinta da hannu. "A'a. Ban faɗa ba. Ka ji? Ban faɗa ba."

"Ba komai, Jo."

Hayaniyar ta tashi Hinewai. Jodi ta sunkuyar da wayar cikin keken jarirai, sai ga 'yar fuskar a yamutse, tana miƙa, tana laluben iska da dunƙulallen hannu. An saka mata rigar da ya saya mata, mai ruwan jinin kare irin ta 'yan wasan jiharsu. Nikora ya kira sunanta sau biyu. Ta juya ido tana neman inda muryar take, ba ta kalli wayar ba, sama ta kalla.

Ya sa hannu cikin rigarsa ya ciro dutsen. Ya yi ɗumi kamar ƙwai da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza.

"Yaya," ya ce, "wannan fa? Shi yana da izini?"

Kereama ta dubi dutsen, ta dubi ƙofa. Ta san ko mene ne, ba sai an gaya mata ba. Ta karɓa da hannu biyu. "Gaya mata ta tsaya kusa da wurin sayar da kofi."

Ta fita. Nikora ya zauna da wayar a hannu yana kallon Jodi tana tura keken, hoton yana girgiza. Idonsa ya koma kan agogon bango, don ba shi da wani wurin ajiye shi. Siririn hannun ya zagaya sau ɗaya. Bai kai rabin zagaye na biyu ba sai ga Kereama ta bayyana a cikin wayar, a bayan kafaɗar Jodi, da ɗaurin gashinta da komai. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Iyakar nisan ke nan.

Ya ga matan biyu sun tsaya suna kallon juna. Ya ga Jodi ta ƙi miƙa hannu, sannan ta miƙa. Kereama ta sunkuya kan keken ta faɗi wata magana da harshen kakanni, gajeriya, ta juya ta tafi.

"Da ɗuminsa," in ji Jodi. Ta ɗora dutsen kan ƙirjin jaririyar, ta share fuska da bayan hannu. Jodi ba ta taɓa zama nesa da mahaifiyarta fiye da tafiyar rabin awa ba. Shekara tara tana aiki a kantin magani ɗaya, ta san ciwon kowace tsohuwa a unguwar.

"Can ɗin," ta ce, "akwai sanyi yanzu?"

"Da safe. Har hayaƙi yake fita a baki."

"Kayan da take da su duk na zafi ne." Ta ja hanci. "Ban ce zan zo ba fa. Tambaya kawai na yi."

"Na ji."

"Ka ci wani abu kafin ka hau. Na san ka."

Da ta kashe, ya kira Baffa Eruera. Ya shirya jin maganar babban kifi da ƙarami, ya ma ga ya cancanta. Tsohon ya ɗauka yana haki.

"Ɗan Ostireliya! Ka isa? Yanzun nan na sauko daga tudu, na kai wa dashen ruwa. Yaya jikata, ta karɓi kayanta?"

"Ta karɓa, Baffa. Ni ne ba su karɓa ba."

Ya yi masa bayani, wannan karon a jere. A can ɓangaren babu abin da ake ji sai kukan wata saniya daga nesa.

"Ni na ce ka zo," in ji tsohon daga ƙarshe. Muryar ta tsufa a cikin minti ɗaya.

"Ni na zo, Baffa."

"Ƙarfe nawa jirgin zai sauka?"

Ya gaya masa.

"To. Bari in mayar da takalmina."

Wasu maza biyu masu ladabi suka raka shi ta wani dogon lungu da bai da tagogi, suka hau da shi kafin sauran fasinjoji. Jakarsa an riga an juya ta. Kular tana hannunsa, babu wanda ya ce ya bar ta, shi ma bai san wa zai bar wa ba. Kujerar can baya suka ba shi, ta jikin taga.

Jirgi ya tashi, ya karkata. Ya ga kogin, ya ga babbar hanyar da ta nufi kudu, motoci suna bin ta kamar tururuwa. Ya nemi farar ƙaramar motar Jodi a cikinsu, alhali ya san ba zai gane ta ba. Sai gajimare ya rufe.

Can ma'aikaciyar jirgi ta iso layinsa da takardu a hannu, tana murmushin aikinta. "Ga takardar sauka, yallaɓai. Kana da biro?"

Ya taɓa aljihu. Biron Des yana nan.

Ya rubuta sunansa, ya rubuta lambar fasfo. Daga nan takardar ta rabu gida biyu. Gefe ɗaya na baƙi ne: kwana nawa za ka yi? Ɗaya gefen na 'yan gida ne: tsawon wane lokaci ka yi a waje? An bar ƙananan akwatuna na shekara, da na wata, da na kwana. Babu na awa.

Ya ɗora bakin biron a tsakanin gidajen biyu, ya juya ya leƙa taga. A zuwa da dawowa duk a kujerar tsakiya ya zauna, bai taɓa ganin lambatun da idonsa ba. Gajimaren ya yaye. Ruwa ne shuɗi har inda ido ya ƙare, babu jirgin ruwa, babu tsibiri, babu gaɓa ta gaba, ta baya ma ta ɓace.